Gandun Baturiya: Abin da likitocin goggon biri za su koya wa masu kula da dausayin Haɗeja

A watan Disamban 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar cewa shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya amince a ɗaga darajar dazuzzuka goma zuwa gandayen daji na ƙasa. A cikinsu akwai Falgore a Jihar Kano da Kogo a Jihar Katsina, sai kuma dausayin Haɗeja, wanda zuciyarsa ita ce Baturiya a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa. Watanni biyu kafin nan, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin jerin wuraren da duniya ke son a adana halittunsu tare da mutanen da ke zaune a ciki. A zama ɗaya aka sanya shi tare da dajin Oban da na Okwangwo a Jihar Kuros Riba, kuma Okwangwo na daga cikin 'yan wuraren da goggon biri ya rage a Najeriya.

Wannan haɗuwa a takarda ɗaya tana da amfani ga mai son fahimtar makomar Baturiya. Babu goggon biri a Jigawa, kuma ba a taɓa yi ba. Hasali ma abin da yawancin mutanen Arewa ke tunawa game da wannan dabba shi ne labarin 2019, lokacin da aka ce goggon biri ya haɗiye Naira miliyan 6.8 a gidan namun daji na Kano, daga baya aka bayyana cewa babu ma irinsa a gidan. Amma a duk faɗin Afirka, aikin ceto goggon biri ne ya fi nuna yadda ake dawo da dabbar da ta kama hanyar ƙarewa, kuma makaman da aka yi amfani da su, wato likitan dabbobi da yardar mutanen ƙauye, su ne waɗanda dausayin Haɗeja ya fi ƙaranci a yau.

Yadda aka yi a Uganda da Ruwanda

A 1996 wata cuta ta ɓulla a cikin wani garken goggon biri a dajin Bwindi na Uganda. Gashinsu ya riƙa zuba, fatarsu ta yi fari-fari, suna ta susa. Dokta Gladys Kalema-Zikusoka, wadda ita ce likitar dabbobi ta farko da hukumar namun daji ta ƙasar ta ɗauka, ta gano cewa ƙazuwa ce. Jariri ɗaya ya mutu, sauran suka warke bayan an yi musu allura. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne asalin cutar: daga mutane ta fito. Dabbobin na fita daga daji su shiga gonakin ayaba, inda ake kyautata zaton sun taɓa tsummokaran da manoma ke rataya wa mutum-mutumi. Da yake jikin goggon biri ya yi kusa ƙwarai da na ɗan Adam, kusan duk abin da ya kama mutum yana iya kama shi.

Likitar ta fahimci cewa muddin ƙauyukan da ke gefen dajin ba su da asibiti da ruwa mai tsabta, allurar da take yi wa birai aikin baban giwa ne. A 2003 ta kafa ƙungiyar da ke haɗa kiwon lafiyar jama'a da adana namun daji, ta horar da 'yan sa-kai daga cikin ƙauyukan, suna bi gida-gida suna koyar da tsabta, suna kai rahoton mara lafiya, mutum ne ko dabba. A tsaunukan Birunga kuwa, inda Ruwanda da Uganda da Kwango suka haɗa iyaka, akwai likitocin da ke shiga daji su cire wa goggon biri tarko ko su yi masa maganin ciwon huhu. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa garkunan da ake sa wa ido kullum suna ƙaruwa da kimanin kashi 4 cikin 100 a shekara, alhali waɗanda ba a bibiya suna raguwa, kuma aikin likitoci ne ya kawo babban ɓangare na wannan bambanci. Ƙidayar da aka kammala a 2018 ta sami goggon birin tsauni 1,063, kuma a shekarar aka cire shi daga sahun dabbobin da ke dab da ƙarewa zuwa sahun da ke ƙasa da shi.

Magani kaɗai bai yi wannan aiki ba. Ruwanda na karɓar Dala 1,500 daga kowane baƙo da zai yi sa'a ɗaya yana kallon biran, kuma tun 2017 kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayen dajinta na komawa ga ƙauyukan da ke kewaye, a gina makarantu da asibitoci da rijiyoyi. Maharbin da 'yarsa ke karatu a ajin da kuɗin biri ya gina, sai ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗana tarko. Labarin yana da nasa tabon: lokacin da aka mayar da Bwindi gandun ƙasa a 1991, an fitar da ƙabilar Batwa daga dajin da suka gada kaka da kakanni, kuma har yau yawancinsu ba su farfaɗo ba.

A nan gida ma akwai misali. Goggon birin Kuros Riba bai wuce 300 ba a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke ɓangaren Najeriya. A tsaunin Mbe, ƙauyuka tara ne suka haɗu suka kafa ƙungiyar da ke kula da dajin, ba gwamnati ba, kuma da yawa daga cikin masu gadin tsoffin mafarauta ne. A 2020 na'urar ɗaukar hoto da aka ɓoye a dajin ta kama wani garke ɗauke da jarirai da dama, abin da ya zama labari a duniya.

Abin da Haɗeja ke da shi

Dukiyar Baturiya tsuntsaye ne. Kogin Haɗeja da na Jama'are, idan suka iso ƙasar jigayi, sai su rarrabu zuwa rassa da tafkuna da fadamu kafin su sake haɗuwa su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Ga tsuntsun da ya taso daga Turai ko Rasha ya ƙetare Sahara, wannan na daga cikin ruwan farko da zai gani. Daga watan Oktoba suke fara sauka, su yi hunturu, su juya a wajen Maris. Masana sun lissafa fiye da nau'i 370 a yankin, baƙi da 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da kwasakwasa. Saboda haka ne tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sanya cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a shekarar 2000, Baturiya kuma ta bi a 2008. Tun kafin nan, a 1987, Gidauniyar Adana Halittu ta Najeriya da ƙungiyoyin waje suka kafa shirin kare dausayin, kuma a 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona takanas don ganin tsuntsayen.

Wanda ya san yankin a da zai faɗi abin da ya ɓace. Gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, a yau ya fi sauƙin gani a farfajiyar gidajen masu hali fiye da a fadama. Ungulu, wadda a da ba a raba ta da mahauta, ta yi ƙaranci har duniya ta sanya ta cikin masu dab da ƙarewa a 2015, kuma cinikin sassan jikinta don tsibbu na daga cikin dalilan.

Sai dai dausayin ba na tsuntsaye ne kaɗai ba. An daɗe ana ƙiyasta cewa mutum miliyan ɗaya da rabi ne ke ci daga gare shi: masunta, manoman shinkafa da alkama da tattasai, makiyayan da ke gangarowa da rani, mata masu yankan kaba da masu haƙar kanwa. Busasshen kifin da ake lodi daga Haɗeja da Nguru zuwa Kano da Kudu daga nan yake fitowa. Duk dokar da za a kafa a Baturiya, kan waɗannan mutane za ta sauka.

Inda likitan dabbobi ya shigo

Ba za a yi wa agwagwar ruwa abin da ake yi wa goggon biri ba. Biran Bwindi kowane da sunansa, ana sanin ranar da ya yi tari. Tsuntsaye dubbai ne, yau suna Baturiya, jibi suna Tafkin Chadi. Aikin likita a nan sa ido ne, kuma tarihi ya nuna dalilinsa. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Masu kiwon kaji a Kano ba su manta da abin da ya biyo baya ba: an hallaka kaji bila adadin, diyyar farko kuma Naira 250 ce kan kowace kaza. Shekara guda bayan haka, masu bincike da suka ɗebi samfuri a dausayin Haɗeja da Nguru suka sami wani nau'in cutar mai tsanani, H5N2, a jikin kirinjijiya da dinya waɗanda a ido lafiyarsu ƙalau. An ɗaura wa ɗaya daga cikinsu na'urar bibiya, ta rayu, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita.

Ma'anar wannan ita ce tsuntsu na iya ɗaukar cutar ya yi yawo da ita ba tare da ya nuna alama ba. A ƙauyukan bakin ruwa agwagin gida na kiwo a tafki ɗaya da na daji, da yamma su koma cikin kaji, ranar kasuwa kuma dillali ya zuba su a keji ya nufi birni. Ba a nan kaɗai cutar ke shigowa ba. Safarar kaji da ƙwai da 'yan tsaki na da nata babban kaso, kuma kuskure ne a ɗora wa tsuntsayen daji laifin duka, balle a ce a kashe su. Amma wanda ya fara ganin matattun tsuntsaye a bakin tafki masunci ne ko yaro makiyayi. Idan bai san wanda zai gaya wa ba, ko yana tsoron idan ya faɗa za a zo a ƙone masa kaji ba diyya, labarin ba zai isa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ba sai bayan gonakin Kano sun fara asara. Ɗan kasuwar da ke sayar da ƙwai a Sabon Gari yana da ruwa da tsaki a wannan magana ko da bai taɓa taka Kirikasamma ba.

Akwai kuma fuska ta biyu, wadda ita ce ta fi kama da darasin Bwindi. Shanun da ke kiwo a fadama na fama da ciwon hanta, wanda tsutsarsa ke rayuwa a jikin dodon koɗin ruwa mara gudu. Irin wannan ruwa ne kuma ke raya dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya a tsakanin yara, ga sauro. Makiyayin da jami'in gandu ya zo masa da bindiga da takardar tara zai ɗauke shi abokin gaba. Wanda aka zo masa da maganin hanta da allurar ciwon huhu, aka nuna masa burtali da mashaya, shi ne za a iya zama da shi a yi yarjejeniya kan wuraren da ba za a sassabe ko a kora shanu ba a lokacin da tsuntsaye ke ƙwai. Jigawa na da abin ginawa a kai, domin tun zamanin Gwamna Sule Lamido ta yi suna wajen keɓe makiyayu da sasanta manoma da makiyaya. Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024. Abin da ya rage shi ne likitan ma'aikatar gona da jami'in gandu da ma'aikacin asibitin ƙauye su san cewa aiki ɗaya suke yi. A tsarin aikin gwamnati kuwa, kowane ma'aikaci ya sani, haɗa ma'aikatu uku a kan kasafi ɗaya ya fi kama dinya da hannu wuya.

Ruwa ne uwa uba

Duk wannan ba zai yi tasiri ba idan babu dausayin kansa, kuma a nan ne kwatancen goggon biri ya gaza. Dajin Bwindi yana nan inda yake. Idan aka hana sara, ya tsira. Rayuwar Baturiya kuwa a hannun wasu take, ɗaruruwan kilomita daga can. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma su biyun ne ke riƙe da mafi yawan ruwan kogin Haɗeja. Nazarin da aka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ambaliyar da a shekarun 1960 da 1970 kan rufe kadada 250,000 zuwa 300,000 ta ragu zuwa tsakanin 70,000 da 100,000, ko da yake fari ma ya taka rawa. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da ruwa ke samarwa idan aka bar shi ya malala a fadama, ta fuskar noma da kifi da itace, suka kwatanta da abin da yake samarwa a aikin noman rani na kogin Kano. Fadama ta ninka shi nesa ba kusa ba.

Ba wanda zai ce a rushe Tiga. Tumatirin Kadawa da shinkafar Kura daga gare ta suke, haka ruwan famfon Kano ya dogara da waɗannan koguna. Matsalar ita ce yadda ake sakin ruwan. Kafin madatsun, kogin kan cika da damina ya ƙafe da rani, kuma wannan ƙafewa ce ke kashe ciyawar ruwa. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kachala ta sami abin da take so. Ta toshe rassan kogin, yashi ya taru a gindinta, ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma ya cinye gonakin wasu, ya bar na wasu a bushe. Cikin kachalar ne jan-baki ke kwana ya wayi gari a kan gero da shinkafa. Idan aka kawo jirgi ya yi feshi, maganin ba ya tambayar tsuntsu sunansa kafin ya kashe shi. Idan kuma damina ta yi ƙarfi, ruwan da ya rasa hanya sai ya shiga gari. A 2022 fiye da mutum 100 ne suka rasu a ambaliyar Jigawa, garin Haɗeja kuma ya kwana a tsaye, matasa na ta jera buhunan ƙasa a bakin jinga.

Don haka manomin Guri ko Auyo da aka ce masa ya tausaya wa agwagwar Turai, alhali gonarsa na ƙarƙashin kachala, yana da hujjar yin tsaki. Amma buƙatarsa da ta agwagwar ɗaya ce: kogi ya cika a lokacinsa, ya janye a lokacinsa. An taɓa gwada wannan hanya. A farkon shekarun 2000, ƙarƙashin wani shiri da Birtaniya ta tallafa, ƙauyuka sun yi aikin gayya sun buɗe hanyoyin ruwan da suka toshe, kuma a 2006 aka kafa asusun amana na kwarin Haɗeja da Jama'are da Komadugu da Yobe, wanda jihohin yankin shida da Gwamnatin Tarayya suka yi alkawarin zuba wa kuɗi. Gwamnatin Jigawa ta sayo injinan yashe kogi. Sai dai kachalar da aka yanke bana za ta tsiro baɗi matuƙar tsarin sakin ruwa bai sauya ba, kuma wannan hukunci yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke ƙarƙashin wata ma'aikatar tarayya dabam da wadda ke kula da gandayen daji.

Rabon da mutanen ƙauye za su gani

Babu baƙon da zai biya Dala 1,500 don kallon kirinjijiya, kuma da yanayin tsaron Arewa, Turawan da a da kan zo da madubin hangen nesa sun ja baya. Duk wanda ya yi wa mutanen Baturiya alkawarin arzikin yawon buɗe ido nan kusa yana gina musu gida ne a kan ruwa. Rabon da za a iya ba su na zahiri ya fi wannan sauƙi: aikin gadi da ƙidayar tsuntsaye ga 'ya'yansu, musamman mafarautan da suka san kowane lungu, kamar yadda aka yi a Mbe, izini a rubuce na yin su da yankan kaba a wurare da lokuta sanannu, likitan dabbobi da ke zuwa ba sai an yi annoba ba, da kujera a wurin da ake yanke shawara. Al'adar yankin ma ta tanadi hukumar da za a yi aiki da ita. Sarakunan ruwa da bulamai sun daɗe suna rufe tafki su buɗe shi a ranar da aka tsayar, suna hana zuba guba a ruwa, kuma maganarsu ta fi ta baƙon jami'i shiga kunne. Masarautar Haɗeja, ƙarƙashin Mai Martaba Dokta Adamu Abubakar Maje, ita ce ke iya tara su a zaure ɗaya.

Kuɗin ma ba a rasa inda za a nema ba. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen Dala miliyan 700 na shirin ACReSAL don farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma dausayi na cikin abin da shirin ya shafa. Rance ne, za a biya, don haka ya halatta mai biyan haraji ya tambayi nawa ya isa Kirikasamma da Guri da Birniwa, kuma a kan me aka kashe shi.

Dokar gandayen daji ta ƙasa ta hana farauta da kiwo da sara a cikin gandu sai da izini, kuma an tsara ta ne da tunanin daji irin Gashaka Gumti ko Kainji. Baturiya kuwa cike take da gonaki da rugage da ƙauyukan da suka girmi dokar. Idan aka aiwatar da ita yadda take a rubuce, rikici ne. Idan aka kau da kai, gandun ya zama allo a bakin hanya. Tsarin UNESCO da yankin ya shiga a 2020 ya ba da mafita ta tsakiya, domin ya raba wuri gida uku: tsakiya da ba a taɓawa, kewaye da ake amfani da shi bisa ƙa'ida, da waje inda ake noma da zama. Inda za a ja waɗannan layuka, da wanda zai kasance a wurin ranar da za a ja su, shi ne abin da Gwamna Umar Namadi da Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa ya kamata su bayyana wa mutanen Kirikasamma kafin tsuntsayen bana su tashi a watan Maris.